Ciwon daji da sukari: yadda ƙari ke samun abincinsa, da halin jinyarsa a Khartum da Omdurman

Ciwon daji, wanda ake kira kansa ko sankara, a Sudan kuma saratan, yana tasowa ne idan wasu ƙwayoyin halitta na jiki suka ci gaba da hayayyafa ba tare da sun saurari umarnin tsayawa ba. Hayayyafa kuwa sai da abinci. Don haka ƙwayar kansa takan sauya yadda take ɗibar sukari da sauran sinadarai daga jini, da yadda take sarrafa su. Masu tafiyar da wannan sauyi wasu furotin ne da ke miƙa wa juna saƙo tun daga fatar ƙwayar halitta har zuwa cibiyarta, inda ƙwayoyin gado suke. Masana na kiran su hanyoyin isar da saƙo.

Batun ya shafi majinyaci kai tsaye. A kansa aka gina hoton PET da ake gano ƙari da shi, daga gare shi aka samo magunguna da dama, kuma rashin fahimtarsa ne ya haifar da jita-jitar cewa hana mara lafiya abinci yana kashe kansa. Ga Hausawan Sudan, na Khartum da Omdurman da Wad Madani da Mai Wurno da Gadarif da Kassala da Damazin, tambayar ta ƙara nauyi tun bayan da yaƙi ya tarwatsa manyan cibiyoyin jinyar cutar.

Yadda lafiyayyar ƙwayar halitta ke samun kuzari

Tuwo, kisra, shinkafa da burodi duk suna narkewa su zama sukarin da ake kira gulukos. Ƙwayar halitta tana shigar da shi ta wasu ƙofofi na musamman, mafi shahara a cikinsu ita ce GLUT1. A mataki na farko ana raba gulukos gida biyu, a samu sinadarin ATP guda 2. ATP shi ne kuɗin da ƙwayar halitta ke biyan kowane aiki da shi. Idan akwai iskar oksijin, ragowar takan shiga wasu ƙananan ɗakuna da ake kira mitokondiriya, a ƙone ta ƙurmus, a samu ATP wajen 30 daga gulukos ɗaya. Idan iskar ta yi ƙaranci, kamar a tsokar mai gudu, sai a tsaya a mataki na farko, a mayar da ragowar ta zama sinadarin laktet, ɗan'uwan tsamin da ke cikin nono da ƙullun kisra.

Muhimmin abu shi ne, ƙwayar halittar mutum ba ta ci don ta ga abinci. Jini yana ɗauke da sukari dare da rana, amma ba ta ɗibar fiye da buƙatarta sai saƙo ya zo mata daga waje, ta hanyar insulin ko wasu sinadaran girma. Wannan horo ne kansa ke rusawa.

Abin da Warburg ya gano

A shekarun 1920 masanin nan na Jamus, Otto Warburg, ya auna yankakkun ƙari a ɗakin gwajinsa da ke Berlin. Ya tarar suna shan gulukos fiye da kima, suna fitar da laktet ko da iskar oksijin ta wadata. Shi ne abin da ake kira tasirin Warburg har yau. Ya ɗauka cewa lalacewar mitokondiriya ce tushen cutar, kuma ya sake jaddada hakan a 1956. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa a yawancin ƙari mitokondiriya na aiki, kuma ƙarin na dogaro da su.

To me zai sa ƙwayar kansa ta rungumi hanyar da ke ba da ATP 2 alhali ga mai ba da 30? Amsar da Matthew Vander Heiden da Lewis Cantley da Craig Thompson suka tsara a 2009 ita ce mafi karɓuwa. Ƙwayar da za ta rabu biyu dole ta ninka duk abin da ta mallaka: DNA, furotin da kitsen da ake yin fatarta da shi. Itacen da aka ƙone ya zama toka ba ya yin azara. Idan gulukos na kwarara da yawa ta mataki na farko, ƙwayar na samun damar karkatar da wani kaso zuwa ƙera waɗannan kayan gini. Ga shi kuma matakin yana da sauri ƙwarai, yawan abin da ake ɗiba sai ya cike giɓin ƙarancin riba. A 2011 Douglas Hanahan da Robert Weinberg suka sanya sauya tsarin kuzari cikin jerin alamomin da ake gane kansa da su.

Manyan hanyoyin saƙo

*PI3K, AKT da mTOR.* Wannan ita ce hanyar da insulin ke bi. Idan saƙo ya sauka a fatar ƙwayar halitta, PI3K, wanda tawagar Cantley ta bayyana a ƙarshen shekarun 1980, yakan tayar da AKT. Shi kuma AKT ya ƙara ƙofofin gulukos a fata, ya zaburar da enzayim ɗin da ke kulle sukarin a ciki, sannan ya tayar da mTOR, mai ba da umarnin ƙera furotin da kitse. Birkin hanyar shi ne PTEN, wanda aka gano a 1997. Idan ƙwayar gado ta PIK3CA ta gurɓace, ko PTEN ya ɓace, ƙwayar halitta takan yi kamar insulin na kiranta ba dare ba rana. Kimanin kashi 40 cikin 100 na kansar mama mai bin sinadaran mata na ɗauke da gurɓatar PIK3CA.

*RAS.* Makunni ne da ke kunnawa ya kashe. Idan ya maƙale a kunne, kamar yadda KRAS ke yi a fiye da kashi 90 cikin 100 na kansar fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin, ƙwayar takan ƙara shan gulukos. Har ma takan haɗiyi ruwan da ke kewaye da ita, ta narkar da furotin ɗin da ke ciki ta ci.

*MYC.* Shi yana zaune ne a cibiya, yana kunna ɗaruruwan ƙwayoyin gado lokaci guda, ciki har da masu shigar da gulukos da masu sarrafa gulutamin, wani tubalin furotin da ya fi kowane yawa a jini. Tarihinsa yana da alaƙa da Afirka. A 1958 likita Denis Burkitt ya bayyana wani ƙari da ke kumbura muƙamuƙin yara a Yuganda. Daga baya aka gano cewa a wannan cuta MYC yana ƙaura daga kuromosom na 8, galibi zuwa na 14, kusa da wurin da ba ya hutawa a ƙwayoyin garkuwar jiki. Ƙarin Burkitt na iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Ya fi yawa a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, kuma yana jin magani sosai idan an kai yaro da wuri.

*HIF.* Ƙari yakan girma ya wuce jijiyoyin jinin da ke shayar da shi, tsakiyarsa ta rasa iska. Nan HIF ke tashi, ya ƙara ƙofofin gulukos, ya rage abin da ke shiga mitokondiriya, ya kuma sa a tsiro da sababbin jijiyoyi. A lafiyayyar ƙwayar halitta, furotin ɗin VHL ne ke lalata HIF da zarar iska ta wadata. A mafi yawan kansar ƙoda VHL ya lalace, don haka ƙwayar na zaune cikin zaton shaƙewa koyaushe. Wannan bincike ne ya sa aka bai wa William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza kyautar Nobel a 2019.

*p53 da AMPK.* Waɗannan masu taka birki ne. AMPK yana lura da raguwar ATP, ya dakatar da mTOR har sai kuzari ya dawo. Shi kuwa p53, da aka gano a 1979, yana tsayar da rabuwar ƙwayar da DNA ɗinta ya lalace, yana kuma rage gudun matakin farko na sarrafa gulukos. Kusan rabin dukkan kansar ɗan Adam na ɗauke da lalataccen p53.

Wani lokaci lamarin kan juya, sarrafa abinci ya zama shi ke aika saƙo. A 2008 da 2009 an gano cewa gurɓataccen enzayim IDH, a wasu ƙarin ƙwaƙwalwa da kansar jini, yana ƙera wani sinadari mai suna 2-HG, wanda ke hana ƙwayar halitta balaga ta kama aikinta.

Ƙari ba iri ɗaya ba ne. Gwajin da aka yi wa majinyata a Amurka a 2016 da 2017 ya nuna cewa wasu ƙarin huhu na ƙona gulukos a mitokondiriya, har suna cin laktet ɗin da ke jini. Kansar furostet kuwa a farkonta ba ta cika shan gulukos da yawa ba.

Inda batun ya taɓa Sudan

Rajistar kansa ta ƙasa, wadda aka kafa a 2009, ta ƙidaya sababbin majinyata 6,771 a jihar Khartum a 2009 da 2010. A mata kansar mama ce kan gaba, sai kansar jini da ta bakin mahaifa. A maza furostet ce, sai kansar jini, ta kaluluwa da ta baki. A yara 'yan ƙasa da shekara 15 kansar jini ce ta fi yawa.

Abubuwa biyu da Hausawa suka sani sarai suna kai hari ga p53. Na farko tumbak, garin tabar da ake cuɗawa da atrun, wato kanwa, a cusa a leɓe. Binciken da masana na Sudan da Turai suka yi a shekarun 1990 ya nuna tumbak na ɗauke da sinadaran nitrosamin masu yawan gaske, kuma an samu lalacewar p53 a akasarin samfuran kansar baki da aka ɗauka daga masu amfani da shi. Na biyu afalatoksin, gubar da fumfuna ke bari a gyaɗa da masara idan an adana su da danshi. Tana lalata p53 a wani takamaiman wuri a ƙwayoyin hanta, kuma haɗarin yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Wani bincike a yammaci da tsakiyar Sudan ya danganta yawan cin dakwa, niƙaƙƙiyar gyaɗar da ba a raba ta da teburin Sudan, da kansar hanta, musamman inda ma'ajiyar ke da danshi. Darasin ya shafi manoman gyaɗa na Kano da Maraɗi da Damagaram kamar yadda ya shafi na Kordofan: a shanya gyaɗa ta bushe sosai, a tsince ruɓaɓɓiya a zubar, a yi wa jarirai rigakafin ciwon hanta.

Amfaninsa a asibiti

A hoton PET ana yi wa majinyaci allurar FDG, wani gulukos da aka liƙa wa sinadarin fulorin-18. Ƙwayar da ta fi kwaɗayin sukari takan haɗiye shi, ya maƙale a ciki, na'ura ta hango haskensa. An fara gwada shi a jikin mutum a 1976. Ana buƙatar majinyaci ya yi awa 4 zuwa 6 bai ci abinci ba, domin insulin zai karkatar da allurar zuwa tsoka. Rabin ƙarfin fulorin-18 yana gushewa cikin minti 110, saboda haka dole na'urar da ke ƙera shi ta kasance kusa, da lantarki marar yankewa. Wannan na cikin dalilan da suka sa hoton ya yi ƙaranci a ƙasashen Sahel, majinyata da dama ke dosar Alƙahira ko Indiya. Haske a hoton ba tabbacin kansa ba ne: tarin fuka da ƙurji ma suna haskawa. Gwajin tsokar da aka yanko daga ƙarin ne ke yanke hukunci.

Akwai gwaji mai sauƙi da ƙananan ɗakunan gwaji ke iya yi, wato auna LDH a jini. LDH shi ne enzayim ɗin da ke ƙera laktet, kuma likitoci na amfani da hauhawarsa wajen kimanta ƙarfin kansar kaluluwa.

Tsofaffin magungunan kemo da dama toshe hanyar abinci suke yi. A 1948 Sidney Farber ya nuna a Boston cewa maganin da ke hana ƙwaya amfani da folet yana kwantar da kansar jinin yara na ɗan lokaci, kuma daga wannan dangi metotireksat ya fito. Asfarajines yana share wani tubalin furotin daga jini wanda ƙwayoyin wannan kansa ba sa iya ƙera wa kansu. Sababbin magunguna kuwa saƙon suke katsewa. Imatinib, da aka amince da shi a 2001, yana toshe BCR-ABL a wata kansar jini mai tafiyar hawainiya, kuma ya isa hannun majinyata a Sudan da Najeriya kyauta ta shirin tallafin da Max Foundation ke gudanarwa. Everolimus yana kashe mTOR, kuma asalinsa rafamaisin ne, wanda aka samo daga ƙwayar cutar da ke cikin ƙasar tsibirin Rapa Nui. Alpelisib na 2019 yana toshe PI3K, ivosidenib na 2018 yana toshe IDH1, belzutifan na 2021 yana toshe HIF. Waɗannan na baya suna da tsada ƙwarai, kuma galibinsu sai an gwada ƙwayoyin gadon ƙarin kafin a ba da su.

Tun da hanyar PI3K ita ce ta insulin, toshe ta na tayar da sukarin jini. Haka ma deksametason da ake haɗawa da kemo. Mai ciwon sukari ya kamata ya sanar da likita kafin a fara masa jinya. Shi kuwa metformin, maganin ciwon sukari mai arha da ke tayar da AMPK, an sa masa rai sosai, amma babban gwajin MA.32 da ya ƙunshi masu kansar mama 3,649, wanda aka wallafa a 2022, bai nuna yana hana cutar dawowa ba.

Cibiyoyin jinya da yaƙi

Cibiyar gashi da hasken nukiliya ta Khartum, wadda jama'a suka fi sani da Mustashfa az-Zarra, ta buɗe a 1967, kuma ta yi shekaru fiye da talatin tana ɗauke da nauyin ƙasar ita kaɗai. Daga baya Jami'ar Jazira ta kafa tata a Wad Madani, wadda ta zama Cibiyar Kansa ta Ƙasa. A 2010 Dakta Hania Fadl ta buɗe cibiyar kula da lafiyar mama a Khartum. A Cibiyar Nazarin Cututtukan Yanki ta Jami'ar Khartum, masana irin su Farfesa Muntasir Ibrahim sun yi aiki a kan ƙwayoyin gadon al'ummomin ƙasar. Ɗalibai da yawa daga arewacin Najeriya sun koyi likitanci a jami'o'in Khartum da Omdurman.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya tsayar da aiki a az-Zarra. Majinyata suka kwarara Wad Madani, sai ita ma ta faɗa hannun RSF a Disamban 2023. Nauyin ya koma kan Marawi da Shandi da garuruwan gabas. A Omdurman, asibitin Al-Nau ya ci gaba da aiki, amma raunukan yaƙi da jinyar gaggawa suka cinye ƙarfinsa. Sojoji sun karɓe Wad Madani a Janairun 2025, Khartum kuma a Maris ɗin shekarar.

Katsewar jinya na da illa ta musamman a wannan cuta. Magani irin imatinib danne saƙon yake yi, idan an daina sha saƙon kan dawo. Insulin da asfarajines suna buƙatar sanyi, na'urar gashi na buƙatar lantarki da ƙwararrun masu daidaita ta. Iyalan da suka tsallaka zuwa Masar ko Chadi ko suka koma Najeriya da Nijar, abin da ya fi yi musu amfani a hannu shi ne takardar sakamakon gwajin tsoka, sunayen magungunan da aka sha da adadin zagayen kemo. Da su likita a Kano, ko a cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai wadda ta fara gashi a 2021, zai iya ɗorawa daga inda aka tsaya.

Shin daina shan sukari na kashe kansa?

A'a. Jiki yana riƙe sukarin jinin mai azumi tsakanin miligiram 70 zuwa 100 a desilita, wato giram 0.7 zuwa 1 a lita kamar yadda ake rubutawa a Nijar da Chadi, domin ƙwaƙwalwa na cin kusan giram 120 a kullum. Idan abinci ya yanke, hanta takan ƙera gulukos daga furotin ɗin tsoka. Takan kuma karɓi laktet ɗin da ƙari ya zubar ta mayar da shi sukari, aikin da ke cin kuzarin jiki. Ƙarin ya samu rabonsa, majinyacin ya rame. Ramewar da ke zuwa da kansa mai nisa tana rage juriyar kemo da tiyata, kuma ita kanta tana kisa. Mara lafiya na buƙatar wake, ƙwai, kifi, nono, nama da hatsi gwargwadon hali.

Ga mai lafiya lissafin daban ne. Shayi mai sukari cokali uku sau da yawa a rana, kamar yadda aka saba a Sudan, da lemon kwalba, suna kawo ƙiba. Ƙiba na tayar da insulin, wanda ke bin hanyar PI3K ɗin da aka ambata. A 2016 hukumar binciken kansa ta duniya, IARC, ta tabbatar da alaƙar ƙiba da nau'in kansa 13, ciki har da ta mama bayan ɗaukewar al'ada, ta mahaifa, ta hanji, ta hanta da ta ƙoda.

Game da azumin Ramadan, babu hujjar da ta tabbatar yana warkar da kansa. Wasu majinyatan da jikinsu ya yi ƙwari suna iya yinsa da izinin likita. Mai karɓar kemon da ke buƙatar shan ruwa da yawa don kare ƙoda, kamar sisfilatin da metotireksat mai ƙarfi, azumi na iya cutar da shi, kuma shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame. Haka nan duk wani jiƙo ko sassaƙe da ake sha a gida, ya kamata likita ya san da shi, domin wasu na sauya yadda hanta ke sarrafa maganin asibiti.

Alamomin da bai kamata a yi jinkiri a kansu ba sun haɗa da ƙullutu a mama ko wuya ko hammata, gyambon baki da ya wuce mako biyu zuwa uku bai warke ba, musamman ga mai tumbak, zubar jini bayan ɗaukewar al'ada, kumburin muƙamuƙi ko cikin yaro, da ramewa ba tare da dalili ba.